Na cika littafi biyu da waƙa, ba ni da kuɗin sutudiyo: ta ina zan fara?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Ni matashi ne ɗan shekara 23, ina koyon ɗinki a Funtuwa. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba a ɗakinmu, abin da nake samu a shago da kyar yake kai mu ƙarshen mako. Tun ina sakandare nake rubuta waƙa, yanzu na cika littafi biyu, amma ko ɗaya ban taɓa ɗauka a sutudiyo ba saboda rashin kuɗi. Kwanan nan wani mawaƙi ya ji guda uku, ya ce in sayar masa gaba ɗaya ya ba ni kuɗi a hannu, sai dai ba za a sa sunana ba. Abokaina kuma suna cewa in bar ɗinkin in tafi Kano. Shin talaka irina zai iya cin abinci da rubutun waƙa? Ta ina zan fara?"

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba ka ikon riƙe ƙannenka. Ƙanena, tambaya uku ka haɗa wuri ɗaya: ko waƙa tana ciyar da mai rubuta ta, ko ka bar keken ɗinki ka nufi Kano, da ko ka sayar da waƙoƙin nan uku. Ta farko amsarta e, tana ciyarwa, amma ba da wuri ba, kuma ba kowa ba. Ta biyu a'a, ba yanzu ba. Ta uku ce mai nauyi, zan bar ta zuwa ƙarshe, domin sai ka san abin da ke hannunka kafin ka san nawa za ka sa masa.

A wannan sana'a talauci ba ya hana mutum rubutu. Biro da littafi sun isa. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, ko biron ma bai riƙe ba, ya tsara waƙar Imfiraji a ka, ta bi bakin makafi da almajirai ta zaga ƙasar Hausa. Wurin da talauci yake kayar da marubuci biyu ne, kuma kusan duk wanda na ga ya faɗi a ɗayansu ya faɗi. Ko dai ya tara kuɗi da kyar ya kai su sutudiyo a kan waƙar da ba ta nuna ba, ko kuma yunwa ta sa ya sayar da waƙar da ta nuna a kan kuɗin cefanen mako guda.

Kada ka saki ɗinkin

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya kwana da yunwa ba ya iya cewa "albarka" idan an taya kayansa, duk abin da aka miƙo karɓa zai yi. Ɗinkin nan shi ne zai ba ka bakin ƙin tayin banza. Ka ma yi sa'ar sana'a, don tela hannu da ƙafa ke aiki, baki da ƙwaƙwalwa suna sake. Kana iya juya amshi ɗaya a bakinka tun safe har azahar kana kan keke. Ga shi kuma lokacin da kasuwar waƙar biki take mutuwa, wato watan azumi, shi ne lokacin da tela ba ya barci saboda ɗinkin Sallah. Sana'o'in biyu suna rufa wa juna asiri.

Batun Kano kuwa, gaskiya ne can ne cibiyar harkar, musamman wajen titin Gidan Zu inda sutudiyo da ofisoshin 'yan fim suka taru. Amma ka je ka ga samari nawa ke zaune a bakin ƙofofin nan, kowa da littafinsa a aljihu. Wanda ya zo ba wurin kwana, ba sana'a, yakan ƙare a yaron aike: sayo abinci, share ɗaki, jiran ranar da mai kiɗa zai ce "zo ka gwada" bayan kowa ya tafi. Wasu sun fito ta wannan hanya, ba na musu, amma waɗanda ta cinye sun fi yawa, kuma a irin zaman nan ne ake koyon shaye-shaye da sunan gyaran murya ko neman basira. Kai kana da uwa da ƙanne a wuyanka. Daga Funtuwa Zariya ba nisa, Katsina da Kaduna da Gusau duk akwai sutudiyo, kuma yau ana tura kiɗa da murya ta WhatsApp. Ka riƙa zuwa Kano da aiki a hannu, ka gama ka komo.

Aikin da ake gamawa kafin a taka sutudiyo

Littafi biyu ba waƙa ba ne tukuna. Ka zauna ka tace, ka fitar da goma da kake ganin sun fi, daga goman ka fitar da uku. A kan ukun nan za ka yi aikin da ba ya cin ko kwabo.

Fara da kari, wato ma'aunin sautin da layukan waƙa suke tafiya a kai. Yawancin masu tasowa gaɓoɓi suke ƙirgawa kawai, su ga layi biyu sun yi daidai a lamba, su ɗauka shi ke nan. Hausa kuwa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. "Gida" da "ɗaki" kowace gaɓa biyu ce, amma ta farko tana farawa da gajeren wasali, ta biyu da dogo. Ka musanya su a layi ɗaya, ka rera, za ka ji ƙafar waƙar ta yi tuntuɓe. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka ɗauki ɗangon farko, wato layin farko, ka mai da shi "la-laa-la-laa" ba kalmomi, kana buga tebur, sannan ka ɗora kowane ɗango a kai. Duk inda sai ka ja wasali ko ka haɗiye wani kafin ya zauna, layin ne ke da matsala, ka sake shi. Ka lura da karin sauti ma: idan muryar waƙar ta hau a inda kalmar take sauka a magana, mai sauraro zai iya jin wata kalma dabam.

Sai amsa-amo. Ka zaɓi tsari ka tsaya a kai, ko ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu, ko ƙwar huɗu, ko ƙwar biyar, da ƙaramin amsa-amo a cikin baiti da babba a ƙarshensa. Ciwon da ya fi yawa a waƙoƙin yanzu shi ne a cusa kalma don kawai ta ƙare da harafin da ake so, ko ba ta da alaƙa da zancen. Mai sauraro yana ganewa. Idan harafin da ka ɗauka ya ƙare maka kalmomi a baiti na biyu, sauya harafin ya fi sauƙi a kan ka lalata ma'ana.

Amshi shi ne kuɗin waƙa. A yanzu daƙiƙa goma sha biyar zuwa talatin ake yankowa a sa a TikTok, kuma kusan kullum amshin ne. Gwajinsa: ka rera shi sau biyu a shago ba tare da ka ce naka ne ba, ka yi shiru. In da yamma ka ji wani yaron shago yana maimaita shi yana guga, ka samu. In babu wanda ya riƙe, kada ka kai shi sutudiyo, ko da baitocin sun kai zuma daɗi. Tsawon waƙar kuma kada ya wuce minti huɗu zuwa biyar: amshi da baiti uku, ko huɗu in ta namiji da mace ce.

Bayan haka ka ɗauka a waya. Shiga ɗaki mai katifa da labule da tulin kaya, don suna shanye amsa-kuwwa; ɗakin da babu komai sai siminti yana ɓata sauti. Kashe fanka, ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinka, ɗan karkace kaɗan saboda iskar "f" da "b" kada ta bugi makirfon. Ka rera da tafi ko bugun tebur don a ji gudun waƙar. Wannan ɗaukar ita za ka tura wa mai kiɗa, ita ce kuma shaidarka ta farko cewa waƙar taka ce.

A nan akwai wata gaskiya da ba a so a ji. Iya rubutu dabam, murya dabam. In muryarka ba ta kai ba, na'urar gyaran murya ba za ta cece ka ba, sai dai ta mai da kai irin kowa. Babu kunya a ka rubuta wani ya rera. A harkar fim ma ai wanda ya rubuta dabam, wanda ya rera dabam, jarumin da ke motsa baki a bidiyo dabam. Abin kula kawai shi ne jarumin ake gani, shi ake kira wajen biki, marubucin da bai tsare sunansa ba ko mai gadi bai san da shi ba.

Ranar sutudiyo

Ba zan sa maka farashi ba, don yana bambanta daga gari zuwa gari, ga kuɗin man janareta da ke sauya lissafi kullum. Ka tambayi wurare uku, kuma ka tambaya dalla-dalla: kuɗin nan ya haɗa da kiɗa, da ɗora murya, da 'yan amshi, da tacewar ƙarshe, ko kowanne da nasa? Da yawa sukan faɗi kuɗin kiɗa kawai, sai ka shiga a ce mai amshi ma sai an sallame ta. Kuɗin kuma ta adashi za ka tara su, ko asusu na daban da ba ya haɗuwa da na cefane. Kada ka ci bashi don waƙar farko, kada ka sayar da keken ɗinki, domin da wuya waƙar farko ta mayar da abin da aka kashe mata.

Ka tura wa mai kiɗa ɗaukar wayarka kwana biyu ko uku kafin ranar, ka je ka haddace waƙar sarai. Mai karantawa daga takarda yana cin awa uku a abin da bai wuce minti arba'in ba, kuma ana jin karatun a muryarsa. In za ka iya, nemi lokacin safe ko tsakar mako da babu layi, an fi sassauta kuɗi, mai kiɗan ma bai gaji ba. Ka biya rabi a fara, rabi idan ka karɓi aiki. Kafin ka fita ka karɓi abu uku a filashinka: waƙar a tsarin WAV mai cikakken inganci, ta MP3 don turawa, da kiɗan zalla ba murya. Wannan na ukun ana yawan mantawa da shi, ga shi da shi za ka hau dandali a biki. Kwamfutar sutudiyo tana mutuwa, ana sace ta, ana goge ta. Wanda ya bar aikinsa a can ya bar shi a hannun ƙaddara.

Inda kuɗin farko yake fitowa

Kasuwar faifai da ta riƙe harkar a Ƙofar Wambai ta riga ta mutu, masu tura waƙa a waya suka gaje ta, su kuma ba sa ba marubuci komai. Don haka kuɗin farko ba daga jama'a yake zuwa ba, daga mutum ɗaya yake zuwa wanda ke son a yi masa waƙa: amarya da ango, mai shago da ke son talla a rediyo, makarantar Islamiyya mai saukar karatu, ƙungiyar da ke wayar da kai kan rigakafi ko karatun 'ya mace. Kai da kake ɗinka kayan biki, masu bikin da ƙafarsu suke zuwa inda kake.

Ga yadda ake yin ta biki ba a yi asara ba. Karɓi aƙalla rabin kuɗin kafin ka rubuta harafi ɗaya, kuma rabin nan ya rufe kuɗin sutudiyo duka, ta yadda ko an fasa biya ba daga aljihunka ta fita ba. A rubuto maka sunaye, kada ka karɓa da baki: amarya, ango, iyaye, ƙawaye, da laƙabin kowa. Ka ƙayyade adadin sunayen tun farko, in ba haka ba ana gobe kamu za a kira ka a ce an manta gwaggon amarya, sake ɗauka kuma kuɗi ne. Idan ka gama, tura rabin waƙar su ji, cikakkiyar sai an cika kuɗi. Da zarar an watse daga biki, bashin waƙa ya zama labari.

Waƙar siyasa ta fi duka kawo kuɗi a lokaci ɗaya, shi ya sa kowa ke rububinta in zaɓe ya gabato. Shawarata ga mai tasowa ita ce ya karɓi kuɗinsa cif kafin ranar zaɓe, domin wanda ya faɗi ba ya ɗaga waya, wanda ya ci kuma ba ya samuwa. Ka tsaya a yabon naka, ka bar zambo da cin mutuncin abokin hamayya. Ɗan siyasar zai shirya da abokin faɗansa gobe, kai za a bari da ƙarar ɓata suna. Ka sani kuma a Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001, wadda ikonta ya shafi mawaƙa. In za ka yi aiki ko ka saki waƙa a can, ka je ofishinsu ka ji sharuɗɗan rajista kafin ka fara.

Duk abin da ya shigo ka raba shi uku: gida, asusun waƙa ta gaba, da ajiyar da ba a taɓawa. Kason gidan nan yana da wani amfani. Iyaye da dama suna kallon waƙa a matsayin roƙo ko hanyar lalacewa, kuma dogon bayani ba ya sauya musu ra'ayi. Abin da ke sauyawa shi ne su ga ka shigo da cefane, su kuma ji waƙar babu kalmar da za su ji kunya a gaban surukai.

Intanet tana biya, amma a hankali. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da kai sai tasharka ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 (ko kallon gajerun bidiyo miliyan 10 cikin kwana 90), kuma ba a turo kuɗin sai sun taru sun kai dala 100. Kallon da aka yi daga Nijeriya ko Nijar bai kai na Saudiyya ko Ingila kuɗi ba. Dandalin sauraron waƙa na Spotify ya shigo Nijeriya a 2021, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba ba ta samun komai a can. Audiomack da Boomplay sun fi kusa da masu sauraronmu. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne ka buɗe tashar da imel ɗinka da lambar wayarka, da hannunka. Mawaƙa da yawa wani "yaro mai iya waya" ya buɗe musu, ranar da aka ɓata ya tafi da tashar da kuɗinta.

Abin da kake sayarwa idan ka sayar da waƙa

A kowace waƙa da aka ɗauka akwai dukiya biyu. Akwai waƙar kanta, wato kalmomi da karin da ka tsara, wannan taka ce. Akwai kuma sautin da aka ɗauka a sutudiyo, wanda yawanci na wanda ya ɗauki nauyin ɗaukar ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba marubuci haƙƙin waƙarsa tun daga lokacin da ya rubuta ta ko ya ɗauke ta, ba sai ya yi rajista ba, kuma haƙƙin yana nan tsawon ransa da shekara 70 bayan mutuwarsa. Na sautin da aka ɗauka shekara 50 ne. Dokar ta ce mallaka wa wani haƙƙin gaba ɗaya ba ya tabbata sai a rubuce, kuma haƙƙin a ambaci sunanka a matsayin marubuci ba ya komawa hannun wani muddin kana raye.

Wato waƙa gona ce: kana iya ba da ita haya a noma shekara biyu ta dawo hannunka, kana iya sayar da ita 'ya'yanka su tashi ba su da ita. Mai tayin naka saye yake so, a farashin haya.

Ka tsare shaida tun yau. Sa kwanan wata a kan kowace waƙa a littafin, ɗauki hoton shafukan, tura su tare da ɗaukar murya zuwa imel ɗinka, don ranar da aka tura tana zama a rubuce. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana da tsarin rajista ta intanet ga mai so, ka yi wa waɗanda ka fi ji da su in hali ya samu. Idan waƙoƙinka suka fara shiga rediyo da talabijin, ka nemi shiga ƙungiyar MCSN da ke karɓar wa marubuta da mawaƙa kuɗin amfani da ayyukansu. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma suna da hukumar BNDA mai irin wannan aiki a Yamai. Kada ka sa rai da yawa a nan, abin da ake tarawa daga gidajen rediyonmu bai taka kara ya karya ba. Doka kuma tana takarda ne; bin ta a kotu yana son lauya da kuɗi da shekaru, abin da talaka ba shi da shi. Shi ya sa takardar da aka rubuta kafin a miƙa waƙa ta fi ƙarar da za a kai bayan ta yi suna. Ni ba lauya ba ne, in kuɗin ya yi kauri ko an kawo maka doguwar takarda da Turanci, kada ka sa hannu sai wani lauya ya karanta maka.

To, ga waƙoƙin nan uku. Ba zan ce kada ka sayar da komai ba, wanda ke da marayu a gida ba a yi masa wa'azin haƙuri da cikin wani. Amma kada ka ba da ukun a dunƙule. Wadda ka fi so, wadda amshinta ya kama bakin yaran shago, cire ta daga ciniki, ita za ka ɗauka da kuɗin adashinka. Ka ba mawaƙin ɗaya tukuna, a kan takarda shafi guda da Hausa: sunanka da nasa, sunan waƙar, kwanan wata, nawa ya biya, cewa izinin rerawa da sakewa ka ba shi na shekara biyu ko uku, cewa za a rubuta "rubutawa" da sunanka a bidiyo da duk inda aka ɗora ta, da kason da za ka samu in aka sayar wa fim ko kamfanin talla. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, ka ɗauki hotonta a waya. In ya ce kuɗin zai ragu saboda sunan, yarda a rage. Sunan nan shi zai kawo maka mai saye na biyu. In ya dage sai dai mallaka gaba ɗaya, to farashin ya ninka na izini sau da yawa, kuma a biya a zama ɗaya. In kuwa ya ce shi ba ya sa hannu a takarda, tsakaninku ai amana ce, ka yi masa godiya ka mai da littafinka aljihu, kuma kada ka tura masa ɗaukar sauran biyun.